Dokin Direba a Tsakiyar Allo

Shekara talatin da ɗaya Direba ya yi yana jan babbar mota, har ranar da likita ya duba idonsa na hagu ya ce ya isa haka. Ya sauka ba don ransa ya so ba, ya koma zaman shagon yayan matarsa, wani tela mai ƙarancin magana da yawan gori. A bayan keken ɗinkin akwai ɗan tebur da aka tokare ƙafarsa da guntun kwali, a kansa allon wasan ces, wata irin dara mai doki da sojoji, sai kujerar baƙo ɗaya tak. A kan kujerar nan ya koyi wasan yana ɗan shekara sittin da biyu, a kanta kuma yammacinsa ya sami ma'ana.

Dokokin wasan ba su ba shi wahala ba, halinsa ne ya ba shi. Wanda ya ƙare ƙuruciyarsa a kan titi ya yi imani motar da ke tsaye asara ce, kuma da wannan imanin ya zo gaban allo. Doki ya fi so, saboda tsallensa, don haka ba ya barinsa ya huta: daga tsakiya zuwa gefe, daga gefe zuwa lungu, har a cinye shi.

"Kai ba wasa kake ba, lodi kake nema," in ji Tela wata Laraba, yana tsinke zare da haƙori. "Mai kemis ya daɗe yana roƙon kujerar nan. In ban ga wasan kirki ran Asabar ba, tasa ce."

"Haba Yaya, ni fa mijin ƙanwarka ne."

"Ƙanwata na ba ka, ban ba ka kujera ba."

Direba bai yi fushi ba, domin gaskiya ko da ɗaci ba ta zama zagi. Ya je gida ya zana allo a bayan tsohuwar kalanda, ya ɗora murfin kwalba a matsayin doki, ya shiga ƙirga. A tsakiya gida takwas dokin ke iya dira, a gefe huɗu, a lungu biyu kacal. Ya sake ƙirgawa, lissafin bai canza ba. Ashe ƙarfin doki ba a yawan tafiyarsa yake ba, a yawan wuraren da ake tsoron ya dira ne. Duk tsallen da ya sa shi zuwa gefe, da hannunsa ya rage masa rabin iko.

Ran Asabar ya kai dokinsa tsakiya, ya tokare shi da soja daga baya, a gidan da babu sojan Tela da zai iya korarsa. Sannan ya yi abin da ya fi masa wuya a duniya, wato ya bar shi. Hannunsa na dama ya riƙa miƙewa da kansa, har sai da ya danne shi ƙarƙashin cinya.

"Motar taka ta lalace ne? In kira bakanike?" in ji Tela.

"Tana tasha, Yaya. Yi naka."

Motsi goma sha biyu dokin bai gusa ba. Direba ya riƙa matso da sauran mayaƙansa a hankali, na Tela kuwa suka cunkushe a baya, duk inda suka nufa dokin na kallonsu. Gorin ya ɗauke. Daga ƙarshe Tela ya ba da hasumiyarsa, wadda ta fi doki daraja, don kawai ya raba shi da gidan.

Direba bai ci wasan ba. Gwaninta ba ta zuwa a mako guda, kuma Tela ya san hanyoyin kuɓuta da shi bai sani ba. Canjaras suka tashi, bayan wani mai wando ya gaji da jira ya yi tafiyarsa.

Suna jera mayaƙan sai ga Mai kemis ya leƙo yana murza hannu.

"Maigida, yau ce Asabar ɗin fa."

Tela bai ko ɗaga kai ba.

"Kujera da mai ita. In kallo kake so, ɗauko taka."