Minti Ɗayan Da Na Hana Sanusi

Shekara tara ke nan da rasuwar ƙanena Sanusi, mai gyaran kayan lantarki a Hayin Banki. Abin da ya fi tsaya mini a rai ya faru ne wata Asabar, ƙarfe huɗu da rabi na yamma, a falona a Unguwar Dosa. Mu uku ne: ni, da shi, da wani abokina mai makaranta da ke neman wanda zai haɗa wa ɗalibansa allunan kwamfuta.

Sanusi kan ciro allo daga matacciyar kwamfutar tafi-da-gidanka, ya jona masa wani ɗan faifan lantarki. Faifan ne ke karɓar siginar da katin hoton babbar kwamfuta ke turowa, ya mayar da ita abin da allon zai gane. Sannan ya yi masa gida na katako. Ranar ya kawo ɗaya don a gwada da kwamfutar da nake tace labaran rediyo a kanta.

Allon ya kama, amma rubutun ya fito dishi-dishi, haruffa duk sun baje.

Ya ce, "Yaya, ba laifin allon ba ne. Kowane allo da adadin ɗigonsa, kwamfutarka kuwa wani adadin take turowa. Ba ni minti ɗaya in daidaita."

Na ce, "Labaran gobe ne a ciki. Ba a koyon gyara da kayan aikina."

Abokina ya yi dariya, ya koma kan shayinsa. Sanusi ya naɗe wayoyinsa, ya ce in riƙe allon, ya tafi. Aikin makarantar wani aka ba. Bai taɓa tayar mini da maganar ba, ni ma ban tayar ba, har ciwo ya kwantar da shi.

Aikina shi ne tantance magana kafin ta fita. Ranar ban tantance komai ba, na yanke wa gwanintar ƙanena hukunci a gaban baƙo.

Yau irin faifan nan a haɗe ake sayar da shi, matasa na koyon jona shi ta waya. Na san da yana nan, juya shi zai yi ya duba dalmar da aka liƙe wayoyinsa da ita, ya ce an yi gaggawa. Allah Ya jiƙansa.

Shekara biyu bayan jana'izarsa, 'yata Maryam ta ciro allon daga sito ta jona. Ta shiga saitin kwamfutar, ta canja lamba ɗaya. Rubutun ya fito tar. A kansa na rubuta wannan.