Ciwon Uwar Diktor

Duk wanda ya san Hillat Sodangi, ƙauyen Hausawan nan na kudu da Kamlin, ya san Iya Barakatu, ko da ta hanyar gyaɗarta ce. Tana amarya suka baro ƙasar Sakkwato a ƙasa ita da mijinta Gado, sun nufi Makka. Guzuri ya ƙare musu a Jazira, ƙasar auduga ta kudu da Khartoum, suka ce bari su tsinci audugar bana su ƙara gaba. Audugar ce ta ƙi ƙarewa. Gado ya samu hawasha, gonar nan da hukuma ke damƙa wa manomi ya riƙe, ita kuma ta kafa kaskon suyar gyaɗa a ƙofar gida. Mace ce mai baki. In ta ɗaga murya a wannan gefen ƙauye, jakin wancan gefen sai ya miƙe kunne. Abu ɗaya ne bakin nan bai taɓa furtawa ba, sunan ɗanta na fari.

Ƙasimu sunansa, mu muna iya faɗa tunda ba mu muka haife shi ba. Barakatu ta riƙe kunyar ɗan fari yadda ta baro ta a gida: ba ta kiran sunansa, ba ta zama inda yake zaune, ba ta kallonsa ido cikin ido. Matan Larabawan maƙwabta, da su a wurinsu girmamawa ce a kira mace da sunan babban ɗanta, sukan ce mata "Umm Ƙasim", ita kuwa ta yi kamar da bango ake. In dole ta kama, sai ta ce "wancan yaron". Tana sonsa kuwa, so mai tsanani, sai dai ta bayan fage. Tsokar da ta fi girma a miya tasa ce, amma a hannun ƙaninsa Mati take aika ta.

Sai aka yi rashin sa'a yaron ya fito da kai. Shugaban makarantar Kamlin ya tako har gida ya ce wa Gado kada a ɓata yaron nan a gona, hakim zai zama. Tsofaffin ƙauye da Larabci bai zauna musu ba suka ji "hakimi", suka yi ta zuwa barka da sarauta, Barakatu kuwa ta ƙyale su suka yi ta yi, ko da yake ta san mai allura ake nufi. Tambaya ɗaya ta yi wa Gado: "Kaka nawa za shi yi?" Gado ya ce kaɗan ne.

Kaɗan ɗin nan ya cinye kuruciyar gidan duka. Aka kai shi makarantar kwana, ya gama, aka ce yanzu za a fara. Ya tafi jami'a a Khartoum, ya yi shekarun da yaron da aka haifa ranar tafiyarsa ya soma kora awaki. Ya gama, aka ce sai ya yi aikin koyo a ƙarƙashin manya. Ya gama wannan, aka tura shi wani asibiti can kudu, inda wasiƙa kan tsufa kafin ta iso. Ya dawo, Barakatu ta sa aka shafe ɗaki, sai ga labari wai Ingila za shi, ya karanto ciki shi kaɗai. "To duk shekarun ga mi ya karanta, ƙahwa?" in ji ta.

A tsawon wannan lokaci Mati ne ya biya. An cire shi daga makaranta tun bai iya haɗa baƙi ba, aka miƙa masa fartanya, ya yi ta tsayuwa cikin ruwan hawasha har ƙafafunsa suka tsage. Gyaɗar Barakatu ta zama takalma, ta zama littattafai masu hoton ƙwarangwal. Gado ya rasu da ciwon ciki a shekarar da ɗansa ke Ingila yana karanta ciki, kuma mai maganin gargajiya ne ya duba shi na ƙarshe.

Daga nan arziki ya faɗo musu gaba ɗaya. Ƙasimu ya dawo ya zauna Wad Madani, safe asibitin gwamnati, la'asar iyada, wato ɗakin duba marasa lafiya na kansa. Aka rushe ɗakin laka aka yi na jan bulo. Aka kawo gadon ƙarfe, da rediyo, da fankar da ke jiran ranar da lantarki zai zo ƙauyen. Hajjin da ta taso yi a ƙasa tun tana amarya, sai ga ta ta ƙarasa shi a jirgin sama, amma Mati ne ya raka ta, mai biyan kujerar bai samu hutu ba. Shi Mati kuwa ya jefar da fartanya ya ɗauki 'yan ƙwadago, ya sayi tabarau, yana zama a inuwa yana gaya wa mutane abin da ke damun hantarsu. Dangi suka yi ta tsirowa ta ko'ina, har da wani tsoho daga Rusairis da ya rantse kakansa da kakan Gado jaki ɗaya suka taɓa hawa.

Barakatu ma ta samu rabonta, kalma ɗaya: Diktor. Ba sunansa ba ne, don haka babu kunya a ciki. Bakin da ya yi shekaru a ɗaure ya kwance. "Diktor ya ce", "Diktor ya aiko", "Diktor ba ya son gishiri". Mata suka gaji da ji har suka soma canza hanya.

Amma saƙonnin Diktor duk hani ne. Kada ta ƙara suyar gyaɗa, mutane za su ce ya kasa riƙe ta. Kada ta je tsintar auduga. Kada ta taɓa ruwan magudana, akwai tsargiya. Ta zauna a kan gadon ƙarfe, hannu babu aiki, ta ga abin da take so a duniya bai wuce ɗaya ba: ta zauna kusa da yaron nan ta gan shi da kyau kafin ta bi Gado. Ba ta san yadda fuskarsa ta koma ba. Ga shi ba abin da za ta iya faɗa wa kowa ba ne, uwa ta ce tana kewar ɗan fari, ai sai a yi da ita a bakin rijiya. Da sallah yakan zo a mota, maza su kewaye shi kowa da kumburinsa, ya durƙusa a bakin ƙofarta ya gaishe ta, ita kuma ta amsa tana kallon bango yadda aka saba. Ta je gidansa a Madani sau ɗaya, ta yini da matarsa Intisar, mai kirki ce amma babu Hausa, jikoki ma haka, shi kuwa ya fita tun ba ta idar da lazimi ba.

Wata Talata ta ce wa Mati za ta gaisuwar mutuwa, ta hau lori sai Madani. Ta tambayi iyada aka nuna mata. Mai tsaron ƙofa ya ce, "Ya Hajja, wurin wa?" Ta ce wurin Diktor. Ya ce ta san shi ne? Ta ce suna dai jin labarinsa. Ta kwance bakin zane ta biya kamar kowa, ta zauna a benci kusa da wata Bahausa mai jiki, 'yar Suki, wai ita Ramatu, wadda ta ce ciwon sukari ke kawo ta duk wata.

Da layi ya zo kanta ta shiga. Yana rubutu, bai ɗago ba, ya ce da Larabci ta zauna. Da ya ɗago sai alƙalami ya faɗi.

"Iya! Lahiya? Mi ya hwaru? Don mi ba ki tai gida ba?"

"Ciwo ya kawo ni," ta ce wa kalandar bango. "In ba a duba tsohi nan, in tashi."

"Ina ke miki ciwo?"

Ba ta shirya wannan ba. Ta ce kai. Ta ƙara da baya. Da ta ga yana saurare, ta haɗa da gwiwa da kunne da wani abu mai yawo a haƙarƙari. Ya kama wuyan hannunta yana duban agogo, rabon da fatarsa ta taɓa tata tun yaye. Sannan ya ɗauko 'yar fitila ya matso.

"Kalle ni nan, Iya. Kada ki kau da kai."

Umarnin likita ne, ba ta da laifi. Ta kalle shi. Ashe furfura ta fito masa. Ashe kunnuwan Gado ne sak. Ƙasan idonsa ya yi baƙi irin na wanda bai san barcin kirki ba, ga wani ɗan tabo a haɓa da ba ta san ranar da ya same shi ba. Tausayi da daɗi suka cika mata ciki har ta ji ƙwalla, shi kuwa ya duba ya ce ƙurar hanya ce. Ya saurari ƙirjinta, ya ƙwanƙwasa gwiwa, ya yi murmushin gajiya.

"Alhamdu lillahi, ma fi haja, babu komi. Lahiyarki lau, kin hi ni lahiya. Kada ki ƙara wahal da kanki da hanyar ga, kin ji? Direba shi kai ki gida wurin Intisar, in na tashi ina tahe."

Kafin ta gyara mayafi, mai ƙofa ya leƙo da wani tsoho yana nishi.

Ta fito jiki a sanyaye, kamar wadda aka gaya wa mugun labari. Ramatu ta matsa mata wuri ta ce, "Hajja, mi ya gani?"

"Wai babu komi." Ta zauna, ta sunkuyo ta rage murya. "Ke 'yar nan, wanga ciwo naki da aka dawowa kowane wata. Ƙaƙa aka kama shi?"