Babana da Sandar Kamun Kifi

Jama'a, jiya na dawo daga shagon kitso na tarar da Babana a falo, ya ɗora wata doguwar sanda kan kwali, ya jefa ƙwarƙwaron zare cikin kofin shayin Mama. Yana juya sandar a hankali, zare na naɗuwa.

Mutumin da ya tsufa yana ɗinkin hula, amma tun da ya samu stroke bara, ɓarin jikinsa ya shanye, allura ta gagare shi. Kullum sai zaman taga.

Ashe sandar kamun kifin maƙwabcinmu ce, wani tsoho ɗan Jamaika. Shi ya nuna masa adon zare da ake naɗa wa sanda, wanda ba ya buƙatar allura. Ja, kore, ruwan gwal, wallahi sak zanen hularsa!

Na ce, "Baba, wai kifin zai tsaya kallon ado ne?"

Ko ɗagowa bai yi ba. "Ke Ummi, duk hulunan da na ɗinka, kin taɓa jin kai ya ga ɗaya? Matsa, kin tare min haske."

Na shige kicin na sha kukana. Yau da sassafe ya aike ni unguwar Harlem neman shuɗin zare.

Wai da gaske ɗinkin hula da adon sanda sana'a ce guda? Wanda ya sani ya faɗa min don Allah!