Fasahar Zamani Ba Ta Ga Gwaggo Ba

Shekara goma sha tara Gwaggo tana sharar ofishin nan: ɗaki bakwai, taga goma sha shida, matakala talatin da ɗaya. Ƙarfe shida da kwata take isowa, kafin kowa, ta cika bokiti biyu, ta zuba garin sabulu da bilic.

A tsawon shekarun, kaya tara aka shigo da su ana kiransu fasahar zamani. Ba ta taɓa tambayar ma'anar kalmar ba, da kanta ta gano: duk abin da aka kira haka, kada jiƙaƙƙen tsumma ya kusance shi. Bayan shekara biyu sai sunansa ya koma inji, a ce ta riƙa goge shi. Bayan biyar ya zama "wancan abin", ta kama a kai shi sito. Har gida ta kai kalmar. In jikarta ta miƙa hannu wajen kofunan baƙi, sai ta ce, "Bari, fasahar zamani ce."

Na goma wani ɗan akwati ne da aka manna a bakin ƙofa, mai karanta zanen yatsa. Manaja ya tara ma'aikata ya ce littafin sa hannu ya yi ritaya. Daga yau wanda na'urar ba ta gani ba bai zo ba, kuma fashin kwana goma sallama ce.

Ranar rajista da ƙyar na'urar ta karɓi babban yatsan Gwaggo. Washegari ta dangwala, wuta ta nuna ja. Ta ga na sauran kore ne, sai ta ɗauka ja na masu shara ne, ta wuce wajen bokitinta.

A rana ta takwas Manaja ya kira ta.

"Gwaggo, kwana takwas ba ki zo aiki ba."

Ta dubi teburinsa, yana ta sheƙi. "To, ranka ya daɗe, wa ke goge maka?"

"Ni ina ganinki. Amma babban ofis ba ni suke tambaya ba, na'urar suke tambaya. Fasahar zamani ce, ba ta ƙarya."

"Ban ce ta yi ƙarya ba. Ƙila idonta ne."

Saura kwana biyu ke nan. Aka haɗa ta da Injiniya, mai kula da kwamfutocin ofishin. Ya juya hannunta ya duba, yatsun sumul kamar bayan cokali.

"Gwaggo, ina zanen ya tafi?"

"Duba cikin bokiti, ɗan nan."

Ya ce sai an sake mata rajista. Ya ce ta hura wa yatsan iska, ta hura. Ya ce ta goga a goshi, ta goga. Suka bi yatsa tara, kowanne sau uku: dangwale ashirin da bakwai, ko ɗaya na'urar ba ta karɓa ba. Gwaggo ta fara tunanin inda mace mai shekara hamsin da shida za ta nemi wani aikin.

Saura ƙaramin yatsan hagu. Ƙofar mota ce ta datse shi tun tana budurwa, ya sandare. In tana matse tsumma, shi yana tsaye a gefe kamar mai duba aiki.

Injiniya ya ɗora shi. Kore. Ya sake. Kore.

"Wannan malalacin?" in ji Gwaggo.

"Shi kaɗai ta sani. Sai ki lallaɓa shi, kada ya ga ruwa."

Manaja ya rubuta wa babban ofis layi huɗu, aka soke fashin.

Yanzu kullum da safe Gwaggo takan dangwala, sannan ta naɗe yatsan da leda, ta ɗaure da roba, kafin ta tsoma hannu a bokiti. Tara suna aiki, ɗaya yana sa hannu. Ta ce a ofis wannan ba sabon abu ba ne.