Ɗumin da Yaya Sule Ya Ce Zai Dawo

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayana, Yaya Sule. Har yau idan raɓa ta fara daskarewa a kan ciyawa a Landan, shi nake tunawa.

Yana da ɗan filin shuka a unguwar Tottenham da ƙaramar hukuma ta ba shi haya. Maƙwabtansa Turawa suna shuka dankali da kabeji, shi kuwa yakuwa, da irin da Inna mahaifiyarmu ta ƙulle masa a tsumma. Yakuwa ba ta son sanyi, ga jinkirin yin 'ya'ya. Da sanyin farko ya sauka a ƙarshen Oktoba, kowa sai ya tuge shukarsa. Yaya Sule sai ya lulluɓe tasa da tsofaffin zannuwan matarsa, ya ce ɗumi zai dawo na 'yan kwanaki, a nan za ta ƙarasa nuna. Wata shekarar ɗumin ya zo, wata mu sha dariya. Irin Inna dai kullum raguwa yake.

A shekarar ƙarshe ya zuba ragowar gaba ɗaya, sai ciwo ya kwantar da shi a asibiti. Ni aka bar wa filin. Ga aiki, ga jinya, ga bas biyu kafin in isa. Wallahi na gaji. Da na ga ganyen ya langaɓe, na tuge yakuwar kakaf, na naɗe zannuwan.

Bayan kwana huɗu rana ta fito, har mutane suka tuɓe kwat. Na same shi yana kallon taga.

"Garba, ka gani? Je ka buɗe ta, ta sha rana."

Na ce, "To, Yaya."

Bai ga ƙarshen Nuwamba ba, ni kuma ban taɓa gaya masa ba.

Yanzu a talabijin ake hasashen wannan ɗumi, da taswira da sanda. Da yana nan, na san tsaki zai yi, ya ce sun makara. 'Ya'yansa ba su san miyar yakuwa ba, da Turanci ma suke amsa mini. Irin Inna a hannuna ya ƙare, kuma abin yana cin raina.

Jiya raɓa ta daskare. Matata ta ce in zubar da tumatirin da ke baranda. Sai na ji bakina yana cewa, "Bari tukuna, ɗumi zai dawo." Na nemo tsohon zane na rufe shi.

Allah ya jiƙan Yaya Sule, ya sa ya yafe mini.