Indiyar Fagge

Da na tare a Woolwich na tarar maƙwabcina Ba'indiye ne, sai na ce kakata ta yanke saƙa. Ni da na ƙare ƙuruciyata a sinimar Fagge, ai Indiya a tafin hannuna take.

Wata Asabar ya gayyace ni kallo a gidansa. Tun daga bakin ƙofa na fara jero masa sunayen jarumai, har na rera masa baiti guda. Ya saurare ni yadda ake sauraron mara lafiya, sannan ya ce, "Mahaifiyata ma tana son waɗannan." Ya kunna wasan kurket.

Ga mutane cikin fararen kaya tsaye a fili kamar masu jiran jana'iza. Babu rawa, babu bos, babu mai rama kisan ubansa. Can sai 'yan wasan suka watse. Na miƙe da murna na ce, "An tashi?" Ya ce a'a, shayi suka tafi sha, kuma gobe ma akwai ci gaba.

Na koma na zauna. Ashe Indiyar da na sani a Fagge aka haife ta.