Jan Ƙyalle a Tsakiyar Bargo

Shekaranjiya da hantsi na zauna zan zura zare a allura, zare ya ce bai san zancen ba. Na lasa, na murza, na ɗaga allurar saitin rana, ina! Sai da na kira autata ta zura mini, tana dariya wai ido ya fara yi mini rowa. Ni ma dariyar na yi, don aikin da na fara yi a duniya ke nan, zura wa kakata zare. In ba ka sauri, mai karatu, gyara zama in ba ka labarin ɗarin da na kusa shafa wa tsohuwar nan abin da ruwa ba ya wankewa.

A ƙauyenmu, can tsakanin Karofane da Buza, ɗari ba ya sallama. Ana gama zuba gero a rumbu maza su saɓi jaka su tafi bida, wato ci-rani, wasu Abijan, wasu Najeriya, sai kawai a wayi gari ruwan randa ya zama abin gudu. Mu yara mu rakuɓe a bakin murhu muna tura kara, ƙafafu duk faso, muna jiran rana ta leƙo ta kan dutse. Kowa na tsine wa sanyi ban da mutum biyu, ni da Kaka, uwar mahaifina. Mu lokacin shagalinmu ne ya zo.

Kaka bargon ƙyallaye take ɗinkawa. Ba sana'a ba ce, ba ta taɓa sayar da ko ɗaya ba, so ne kawai ya kama ta tun tana amarya ya ƙi saki. Shekara guda take yi tana tara ƙyalle a wani adudu da ke ƙarƙashin gadonta. Ranar da sanyi ya fara cizo sai ta ce, "Ke ɗiya, jawo adudu." Wayyo daɗi! Mu shimfiɗa tabarma a jikin bangon da hantsi ke duka, in kife adudun, launi ya zubo: shuɗi, ɗorawa, kore, mai zanen kifi, mai zanen makulli. Ni ke warewa, ita ke aunawa da tafin hannunta tana yankewa. Ta harhaɗa su ɗaya bayan ɗaya har su zama fuska, ta shimfiɗa tsohon gwado a tsakiya, ta sa zane a baya, sannan ta bi su da ɗinki layi-layi kamar kunyar gero. Duk bargon da ta gama, kyauta take yi da shi.

Ba mu kaɗai muke zama a bangon nan ba. Matan unguwa kan zo shan hantsi, wata da kabar saƙar tabarma, wata da ƙwaryar wake tana ɓara. Su yi ta tsokanarta, wai ga mai yanka tufa don ta sake ɗinke shi. Ita kuwa allura a baki, sai ta zare ta ce da yayyafi kogi kan cika. Tana da doka guda wadda ban taɓa tambayar dalilinta ba. Ƙyalle iri biyu kaɗai ke shiga adudunta: sabon yankan da tela ke ajiye mata ranar kasuwar Karofane, da tsofaffin tufafin mutanen gidanmu. Na wani gida ba ya shiga, ko an ce kyauta ne, kuma ban taɓa ganin wadda ta yi mata tayi ba.

Ɗarin da nake ba ka labari ina da shekara tara. Ranar da muka kife adudu, ta dube ni ta ce, "Na bana naki na." Ban san lokacin da na tashi na zagaye gida da gudu har na ture tukunyar kaji ba. A lekol, makarantarmu ta boko, ba wanda ban gaya wa ba, har malaminmu da muke ce wa mushe sai da ya ji. Kullum ana tashinmu in sheƙo a guje in ga inda aka kwana. Bargona yana girma, ni ina kumbura.

Sai muka zo kan cibiya. Haka Kaka ke kiran ƙyallen tsakiya, wanda take barin gurbinsa sai ƙarshe, kuma lallai ne ya zama ja. Muka zazzage adudu, ba ja sai wani koɗaɗɗe da ta jefar gefe. Tela ma bai da shi. Kwana biyar bargona na ninke da rami a ciki, ni kuwa haƙuri bai taɓa zama ɗan gidanmu ba.

Gidan da ke gabas da namu darni ne kawai ya raba mu. Matar gidan tana da tsohon ciki, ga shi biyu da ta haifa a baya duk sun koma, mijinta kuma yana Abijan. Ya aiko mata da wani zane ja wur, irin jan barkonon da ya nuna a reshe. Ran nan da azahar na gan shi shanye a kan darni, bakinsa na lilo ta wajenmu kamar yana kirana. Na ce a raina, zane mai faɗi haka, wa zai lura da tafin hannu guda? Na ɗauko almakashin Kaka na datse kusurwa. Na kai mata na ce a can ƙasan adudu na tsince shi, ya maƙale a saƙa. Zanen bai sha wanki ba, sai ta ɗauka yankan tela ne. Ta ɗaga shi a rana ta yi guɗa ƙasa-ƙasa, kafin la'asar cibiya ta zauna daram. Ban taɓa ganin abu mai kyau irin bargon nan ba, kuma har yau ban janye wannan magana ba.

Ba a jima ba kururuwa ta tashi a gidan gabas.

Ga abin da kowa ya sani a garin ban da ni. A wurinmu tufan da mutum ya sa ya ɗauki guminsa, kuma wanda ya riƙe gumin mutum ya riƙe mutum. Idan aka tarar an yanke bakin zanen mace, ba a tunanin ɓera ko akuya, cewa ake an kai shi inda za a yi mata sammu. Ashe dalilin dokar Kaka ke nan. Mai cikin nan ta kwanta ta ƙi ci ta ƙi sha, tana cewa wannan ma raba ta za a yi da shi. Uwar mijinta ta shiga zarya gidan malam tana karɓo rubutu.

Daga nan baki ya fara aiki. Wa ke tara ƙyalle a garin nan? Wa ke da almakashi kusa da darnin? Aka tono cewa mahaifin Kaka Azne ne, yana cikin masu yanka a kan dutse kafin gidansu ya karɓi salla. Tsohuwar da tun tana budurwa ba ta saki salla ba, wadda ke fasa ruwan sanyin nan ta yi alwala muna ƙudundune! Amma harshe ba ya mantuwa. Washegari mata biyu suka zo shan hantsi, rana ta uku ba ko ɗaya. Na ga wata ta fizge ɗanta da ya nufo tabarmarmu. Mahaifiyata ta dawo daga rijiya ido jajir, ta ce an fara faɗin kalmar nan da ake faɗa wa masu kama kurwa. Kowa a gidan ya san in cikin nan ya lalace, sunan ya bi Kaka har kabari, ya bi mu jikokinta har gidajen aurenmu.

Zan gaya maka gaskiya ko da ba ta yi mini ado ba. Kwana uku na yi shiru. Tsoron duka na ciki, amma ba shi ne babba ba. Bargon nake so. Na san in na buɗe baki za a farke cibiyar, sai in dubi Kaka ita kaɗai a jikin bango tana kalmasa gefe, in dubi jan nan, in haɗiye maganar.

Rana ta huɗu da hantsi ta ajiye allura. Ta daɗe tana duban tsakiyar bargon, ta shafa shi, ta kai hanci ta sansana. Sannan ta ɗora yatsa a kai, ba ta ko dube ni ba.

"Ke ɗiya, ina kinka ce kin ishe wanga?"

Ai sai na fashe. Na faɗi duka, da majina da shessheƙa. Na jira mari, bai zo ba. Cewa kawai ta yi, "Miƙo mani takalmana."

Ta ninke bargon ta aza mini a ka. Akwai kafa a darni inda muke ratsawa gidan gabas taku goma, amma ba ta bi ta nan ba. Ta fita ta ƙofar gida, ta bi babbar hanya, ta zagaya ta bakin rijiya a daidai lokacin da mata suka cika, tana tafe tana gaida kowa da ƙarfi, ni ina gaba da kaya ina kuka. Wa zai ga wannan ya zauna? Guga ya tsaya, tulu ya tsaya. Kafin mu isa, rabin unguwa na bayanmu.

A tsakar gidan ta sa na shimfiɗa bargon a ƙasa. Ta ce a kawo zanen. Uwar mijin ta kawo tana harararmu, mai cikin kuma ta fito ta dafa ƙofa, duk ta zabge. Kaka ta kara yankakken bakin zanen da cibiya, zane ya hau kan zane, ba mai musu. Sai ta dungure ni ta ce, "Hwaɗi."

Na ce, "Ni niy yanke. Ja nika so ga bargona."

Can wata daga baya ta ce, "La ilaha! Sammun ke nan?" sai dariya ta ɓarke. Uwar mijin ba ta yi dariya ba. Ta ce a warware a ba su abinsu yanzu-yanzu.

Kaka ta ce, "Ba a hidda cibiya abu ya rayu. Ƙyallenku ya tahi shi ɗai, ga shi ya komo da 'yan rakiya. Ku riƙe duka, jinjiri cikin ɗari za shi zaka."

Duka! Ihun da na kurma ya fi na ranar da aka ga zanen. Na kwanta a kan bargon na riƙe shi da hannu da haƙori, sai da aka ɓamɓare ni. Mai cikin ta dube ni ina birgima, ta fara murmushi, ta koma dariya har tana riƙe mara, hawaye na zuba. Da ta lafa sai ta ce a dama mata fura. A kan hanyar komawa Kaka ba ta lallashe ni ba, ni ma ban yi mata magana ba har kwana biyu.

Kafin sanyi ya wuce aka haifi 'ya mace, lafiyayya. Ranar suna na gan ta kwance a kan bargona, a kan idona ta tsula fitsari daidai cibiya. Mata suka koma shan hantsi kamar ba a yi komai ba, sai dai tsokanar ta ragu, kowa na jin nauyi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a ɗari na gaba ya faru. Ranar da muka kife adudu, mata na zaune, sai ga matar gidan gabas da goyonta. Ba ta zauna ba. Ta kama bakin zanen da ke jikinta, ta sa haƙori, ta yage tsiri guda ta jefa cikin ƙyallayen.

Ta ce, "Inna, sa wanga. Gumina na ciki, na sani."

Sai mai saƙar tabarma ta ajiye kaba ta yi yadda ta yi. Cikin mako guda mata suna ta zuwa da guntayen tufafinsu, na aure, na suna, har uwar mijin nan ta aiko da bakin kallabinta. Kaka ta juya fuska wajen bango ta hau ni da faɗa wai na tare mata rana, alhali ina bayanta. Bargon shekarar shi kaɗai ne ba ta bayar ba, da shi take rufa har Allah ya karɓi abinsa. Nawa sai a shekara ta uku na samu, ba ja a ciki ko ɗigo.

Yau a Madawa nake zaune, kuma ciwon Kaka ya kama ni, duk ɗari sai na ɗinka guda. Kasuwa cike take da barguna masu laushi na kanti, ba mai bukatar nawa don sanyi. Ƙyalle kuwa ba a jiran shekara, teloli buhu-buhu suke ba ni, ja har sai na zaɓa. Idan na ba yaran yanzu labarin sammun bakin zane dariya suke yi, kuma ban ce a dawo da wancan tsoro ba, na ga abin da ya kusa yi. Sai dai duk abin da ke cikin buhunan nan sabon yanka ne, bai taɓa jikin kowa ba. Na daɗe a unguwar nan, muna gaisawa, muna zuwa sunan juna, suna yaba hannuna. Har yau ba wadda ta tsaya a gabana ta yaga mini bakin zanenta.